Alhaji Abubakar Imam da Yadda Ruwan Bagaja Ya Kai ga Ɗab'i

Ina gaida malamanmu da iyayenmu, da 'yan'uwana ɗalibai na nan Sokode, da waɗanda ɗan littafin nan zai iske a Dapaong. Bana da aka ce kowa ya kawo tarihin wani da ya riga mu gidan gaskiya, na san yawancinmu wajen mujaddadai da manyan malaman fiƙihu za mu nufa, kuma sun cancanta. Ni dai na zaɓi mutumin da ya yi suna da labarin aljannu da na tsuntsu mai magana, wato Alhaji Abubakar Imam, mai Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce. Kada wani ya ce wasa na kawo. Ɗan gidan malamai ne, littattafan da muke fama da su a aji su ya karanta, kuma da su ya yi aikin da har yau ba a daina bugawa ba.

An haife shi a shekarar 1911, wato 1329 ta Hijira, a garin Kagara, cikin ƙasar Kwantagora a arewacin Nijeriya. Yanzu garin yana cikin jihar Neja. Mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne, kuma asalin kakanninsu daga Barno suke. Daga baya gidan ya koma Katsina, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Yaron ya fara da allo a gida, kamar kowannenmu, ya shiga littattafan Larabci, sannan aka sa shi boko. A 1927 ya shiga Kwalejin Katsina, makarantar da Turawan Ingila suka kafa don horar da malamai, wadda Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello su ma suka yi. Ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a Midil ta Katsina. Wansa kuwa, Malam Muhammadu Bello Kagara, wanda ya girme shi da kusan shekara ashirin, malami ne a ita wannan Kwaleji, daga baya ya zama Walin Katsina. Ku riƙe sunansa, zai sake fitowa.

Kafin mu je ga littafin, sai mun san halin da rubutu yake ciki a lokacin. Hausawa sun daɗe suna rubutu. Akwai Larabci na ilimi da shari'a da wasiƙun sarakuna, akwai ajami na waƙoƙin wa'azi da na yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amma duk da hannu ake yi. In malami ya wallafa, almajirai su kwafa, wani ya sa a gafaka ya bi ayari da shi. Ta haka rubutun Kano da Sakkwato ya riƙa zuwa zango-zangon hanyar Gwanja, hanyar fataken goro da ta ratsa ta Jugu da nan yankinmu da Mango har Salaga. Iyayenmu sun san Alhaji Umaru na Karaci, Bakano da ya zauna a Kete-Karaci tun tana cikin Togo ta Jamus. Rubuce-rubucensa a hannun almajirai suka yaɗu, ba a injin ɗab'i ba. Ya rasu a 1934, daidai lokacin da labarin da zan ba ku yake faruwa a Zariya.

Abin da ba a rubutawa shi ne ƙagaggen labari da Hausa. Tatsuniya tana nan, amma ta dare ce, ta tsofaffi mata da yara, ta Gizo da Ƙoƙi. Babban mutum mai rawani ba ya zama ya ɓata tawada a kanta. Alƙalami na gaskiya ne, wanda kuwa ya rubuta abin da bai faru ba, to me sunansa in ba maƙaryaci ba? Haka mutane da yawa suka ɗauka, kuma ni ban ga laifinsu ba, don tsoron ƙarya abu ne mai kyau.

Su kuma Turawa suna da tasu matsalar. Sun koya wa yara karatun Hausa da haruffan boko, yaran sun iya, amma babu abin karantawa sai littattafan fassara, masu bushewa kamar ƙanzo. Akwai wani ofishi a Zariya mai suna Hukumar Fassara, wanda daga baya aka mai da shi Hukumar Talifi, a ƙarƙashin wani Bature, Dokta Rupert East. A 1933 East ya bi manyan garuruwan Arewa yana tara malamai da 'yan boko, yana neman su rubuta labari na ƙagawa, za a yi gasa, wanda ya yi kyau a buga. Shi da kansa ya rubuta daga baya irin wuyar da ya sha kafin ya shawo kan mutane. Wasu suna ganin aikin ya yi musu ƙanƙanta, wasu suna ganin bai ma halatta ba.

Abubakar Imam yana da shekara 22 a lokacin, bai daɗe da fara aiki ba. Ya zauna ya rubuta, ya aika Zariya.

Ga wanda bai taɓa karantawa ba, ga yadda labarin yake a taƙaice. Wani saurayi ne mai suna Alhaji Imam, mutumin Kwantagora. Ɗan sarki ya kwanta ciwo an rasa magani, sai Liman, wanda ya riƙe saurayin, ya faɗa a fada cewa da za a sami ruwan Bagaja da yaron ya warke. Aka yi masa dariya, aka kunyata shi gaban jama'a, wai ya faɗi abin da babu shi. Saurayin ya yi rantsuwa sai ya nemo ruwan nan ya wanke tsohon. Ya shiga duniya, gari ya bi gari, shekara da shekaru, har ya kai ƙasar aljannu, ya samo ruwan ya komo. Ku duba fa, ashe cibiyar labarin ma a kan mutumin da aka ce ya yi ƙarya ne, alhali gaskiya ya faɗa. Kuma ku dubi ƙarfin halin marubucin: ya ɗauki sunansa ya ba jarumin, har ya ƙara masa da Alhaji, shi kuwa ko hanyar Makka bai taka ba tukuna.

Amma duk wanda ya karanta zai gaya muku ba aljannun ne suka fi daɗi ba. Malam Zurƙe ɗan Muhamman ne. Wani shu'umin mutum ne da Alhaji yake ta karo da shi, yau a wannan gari, gobe a wancan. Alhaji ya yi masa tsiya ya gudu, a gaba shi kuma Zurƙe ya ritsa shi ya rama, kowa na neman ya ga bayan ɗan'uwansa, har daga ƙarshe suka gaji suka shirya. To 'yan ajinmu da suka fara Maƙamatul Hariri, ba ku ji ƙanshin wani abu ba? Hariri, mutumin Basra wanda ya rasu a 516 ta Hijira, maƙama hamsin ya yi, kuma a kowacce Harisu ɗan Hammamu yana isa wani gari ya tarar da wani tsoho mai zaƙin baki yana damfarar jama'a, sai can ya gane ai Abu Zaidi ne na Saruja ya sake kama. Wannan gini Imam ya ɗauko, kuma bai ɓoye ba, ya faɗa a tarihin rayuwarsa cewa daga Maƙama ya sami mutanen nan biyu. Sai dai ya tuɓe musu alkyabbar Basra ya sa musu 'yar shara, ya kai su kasuwa da gidan alkali da tashar fatake, ya sa musu baƙar magana irin tamu a baki. Mu muna karanta Maƙama da ƙamus a hannu muna gumi saboda luggar da ke ciki. Shi ya karanta ya ga akwai dariya a ciki, ya ce Bahaushe ma ya kamata ya dara.

A nan ne maganar ƙarya take warwarewa, a ganina. Shi kansa Hariri, a gabatarwar littafinsa, ya san za a zarge shi, ya kare kansa da cewa labaransa kamar misalan da ake sa wa dabbobi a baki ne, don faɗakarwa, kuma niyya ita ce abin dubawa. Yau ɗaruruwan shekaru ke nan malamai suna karantar da Maƙama a zaure, babu wanda ya ce Abu Zaidi ya taɓa rayuwa, babu kuma wanda ya kira Hariri maƙaryaci. Ƙarya ita ce ka faɗi abu don a ɗauka ya faru. Mai ƙagaggen labari kuwa da shi da mai karatu duk sun san inda aka dosa. Abin da aka yarda da shi da Larabci tun tuni, shi Imam ya yi da Hausa. Wannan ra'ayina ne na ɗaliba ƙarama a ilimi, malamanmu suna nan in da gyara.

Rubutun ya isa hannun East, ya yaba ƙwarai. Amma bai buga shi yadda ya zo ba. Ya lura cewa wasu labaran da ke ciki an ɗauko su daga littattafan da ya sani, na Larabawa da na Turawa, kusan yadda suke, sai ya sa almakashi ya rage, ya kuma rubuta wa saurayin wasiƙa ya gaya masa. Masu nazari daga baya sun nuna kamannin littafin da Alfu Laila wa Laila, da kuma wata tatsuniyar Jamus ta 'yan'uwan nan Grimm, inda ake neman wani ruwa don warkar da sarki. Ku ɗauka kai ne, ɗan'uwa: ka yi wata da watanni kana rubutu bayan ka tashi daga aji, an ce ka ci, sannan a ce an yanke maka wani sashe. Wani da fushi zai yi ya ce ya fasa. Imam bai fasa ba.

Littattafai biyar aka zaɓa a gasar, aka buga su daga 1934. Akwai Ruwan Bagaja. Akwai Ganɗoki na wansa Bello Kagara, labarin wani barde da ya yaƙi Turawa, shi ma ya faɗa ƙasar aljannu. Akwai Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama Firayim Ministan Nijeriya, labarin bauta ne mai sa hawaye. Sai Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin. Gida ɗaya, wa da ƙane, sun ɗauki biyu cikin biyar. Da waɗannan ake fara lissafin ƙagaggun labaran Hausa na boko.

Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne ƙofa ɗaya ce tak a lokacin. Babu kamfanonin ɗab'i da za ka zaga, in wannan ya ƙi ka gwada wancan. Ofishi ɗaya ne, na gwamnatin mulkin mallaka, mutum ɗaya ke karantawa ya ce i ko a'a, kuma abin da yake nema shi ne littafin da za a ba 'yan makaranta. Saboda haka shi ke faɗin tsawon labari, shi ke faɗin abin da ya dace da yara, har yadda za a rubuta kalmomi shi ke daidaitawa. Ba za a rasa waɗanda suka rubuta suka aika ba a ɗauka ba, sunayensu suka bi iska. Ban ce East mugu ne ba. Mutum ne da ya iya Hausa, ya so ta, ya kuma gane gwani da ya gan shi. Amma mai riƙe da ƙofa mai riƙe da ƙofa ne, ko da yana murmushi.

East bai manta da malamin nan na Katsina ba. A 1936 ya nemi a ba shi aronsa, aka kawo shi Zariya ya yi wajen wata shida ba ya aikin komai sai rubutu. Ga abin mamaki: mutumin da ya rage masa littafi saboda aro, shi ne yanzu ya jibge masa littattafai a gaba, na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya ce ya karanta ya zaɓa ya mayar da su Hausa. Ashe ba aron ne laifi ba, a ɗauko abu ɗanye a ajiye shi ne ba a so. Suna zama su tattauna labari, Imam ya je ya rubuta, a dawo a duba, a sake. Abin da ya fito shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, da aka buga tsakanin 1937 da 1939, da labarai fiye da tamanin.

A littafi na ɗaya, Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji ya tafi yaƙi ya bar ɗansa Musa a gida, Waziri kuwa yana ƙulla makircin hallaka yaron in ya fito. Sai wani aku ya riƙa tsare shi da labari, dare bayan dare, in ya yunƙura zai fita a ja shi da wani, har gari ya waye, har Sarki ya komo. Aka naɗa akun Waziri. A na biyu ya yi gasar labari da wani aku mai suna Haziƙ, a na uku kuma yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana. Tsuntsun da ke hana mutum fita da dare ta hanyar labari tsohon gini ne daga Indiya, ya bi ta Farisa. Wannan ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don Kalila wa Dimna da muke ji da ita ai daga Indiya ta taso, Ibnul Muƙaffa ya mayar da ita Larabci daga harshen Farisa, shi ma Hariri sawun Badi'uz Zaman Hamazani ya bi. Ku karanta Kalala da Kalalatu, matar da ta cinye kajin baƙo sannan ta haɗa shi gudu da mijinta. Asalinta tatsuniyar Jamus ce. Amma wallahi in ba a gaya maka ba, sai ka rantse a bayan gidanku aka yi. A nan gwanintar take. Har yau akwai masana a jami'o'in Nijeriya da ke jayayya ko a kira shi mai ƙagawa ko mai fassara. Ni dai na ga wanda ya sayi zare a kasuwa ya saƙa zane ba a ce masa ɗan kasuwar zare, masaƙi ake ce masa.

Daga nan sai rayuwarsa ta juya. A watan Janairu 1939 aka fara jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka ɗauke shi editan Hausa na farko. Ana gab da yaƙin duniya na biyu, Hitila yana neman a mayar wa Jamus ƙasashen da aka ƙwace mata, irin su Togo da Kamaru, jita-jita ta cika Arewa wai ita ma Nijeriya za a miƙa ta. Turawa suna son bakin da zai yi wa talakawa magana da harshensu, kuma sun san wanda ya iya. Ya riƙe jaridar fiye da shekara goma. A 1943 ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridar Afirka ta Yamma, tare da Nnamdi Azikiwe, ya gana da Lugga wanda ya ci Arewa da yaƙi, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Zariya, mai injin ɗab'insa. Ya shiga siyasa, ya zauna a majalisa, ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, ya rubuta littattafan addini, cikinsu har da tarihin Annabi da na Sayyidina Abubakar. Jami'ar Ibadan ta ba shi digirin girmamawa.

Duk wannan alheri ne. Amma akwai abin da ke ɗan sosa mini rai. Ruwan Bagaja yana da shekara 22 ya rubuta shi, Magana Jari Ce yana da 25. Ya rayu fiye da shekara arba'in bayan haka, bai sake yin ƙagaggen labari mai girman waɗannan ba. Hannun da ya buɗe masa ƙofar ɗab'i shi ne ya ja shi zuwa jarida, don a lokacin jarida gwamnati ke bukata, ba aku ba. Arewa ta sami ɗan jarida da dattijon ƙasa, Malam Zurƙe kuwa bai sami ƙane ba.

Ƙofar nan ɗaya ta daɗe tana nan, sunanta kawai ke sauyawa, daga Hukumar Talifi zuwa NORLA, zuwa kamfanin NNPC na Zariya da aka kafa a 1966, wanda shi ya ci gaba da buga littattafansa. Sai wajen shekarun 1980 matasan Kano, maza da mata, suka gaji da jira, suka fara tara kuɗinsu suna kai rubutunsu wurin masu injin, suna sayarwa a kasuwa da kansu. Mu nan Togo ko waccan ƙofa ɗayar ba mu da ita. A lakwal Faransanci ne, harsunan ƙasa da gwamnati ta zaɓa Ewe ne da Kabiye, a madarasa Larabci. Hausar da muke ciniki da ita a kasuwar Sokode da zangon Dapaong, muke jin wa'azi da tafsiri da ita, da yawanmu ba mu taɓa ganin ta a littafi ba, sai a saƙon waya, kowa na rubuta ta yadda ya ga dama. Ruwan Bagaja ɗan siriri ne, ana iya gama shi a yini ɗaya. Duk mai ɗan'uwa da ke zuwa Kano ko Zariya sayayya, ya yi masa sautu, in ya gama ya ba na kusa da shi.

Alhaji Abubakar Imam ya rasu a Zariya ranar 19 ga Yuni 1981, cikin watan Sha'aban na 1401, yana da shekara 70. Tarihin rayuwarsa da ya bari da Turanci, wanda a ciki ya ba da labarin gasar 1933 da zamansa da East, Alhaji Abdurrahman Mora ne ya tsara shi, aka buga a Zariya a 1989. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan wansa Wali Bello, da iyayenmu da malamanmu da suka rigaya. Amin.